Ƙafar Dokin Kawu

Kawuna yana da dawaki a gidansa na Maitama, amma babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa cin ciyawa. Na roba ne duka, kowanne bai wuce a ɗauke shi da hannu ɗaya ba, an jera su a kabad ɗin gilashi mai fitila a babban falo. Duk ƙasar da aikin gwamnati ya kai shi, sai ya dawo da ɗaya ko biyu. Mutum ne da furfura har a gira, ya yi darakta ya yi ritaya, ya je Makka ya dawo ya sake komawa, amma in baƙo ya shigo gidansa, kafin a kawo masa ruwa an tsayar da shi a gaban kabad. Nan za a karanta masa asalin kowane doki, wannan na Larabawa ne, wancan na Turawa ne masu gashi a kofato. Da idona na ga wani babban mutum da babbar riga ya tsaya yana gyaɗa kai, yana ta yi wa roba masha Allah har ƙafarsa ta gaji.

Ba ƙyashi ne ya sa nake faɗa ba. Mutum ya tara abin da ya ga dama a falonsa, ina ruwana. Abin da ya haɗa ni da dawakin nan Inna ce.

Inna mahaifiyata ce, kuma yayar Kawu ce uwa ɗaya uba ɗaya. Uwarsu ta rasu yana rarrafe, saboda haka a bayan Inna ya girma. Ita ta yi masa wanka, ita ta raka shi makaranta yana kuka, ita ce ma take yi masa dokin kara in an yi girbi. Sai ta zaɓo karan dawa mai kauri, ta lanƙwasa kan, ta ɗaura masa tsumma a matsayin linzami, ya hau yana zagaya gida. Auta take ce masa ko a gaban waye, shi kuma ya ce mata Yaya.

Mu a Orozo muke, can bayan gari, a gidan da mahaifina ya gina kafin ya rasu. Ni mai kitso ce, shagona a jikin gidan yake, ƙofa ɗaya ta raba shi da ɗakin Inna. Yawancin masu zuwa wurina matan Gwarawa ne da matan Filato masu aiki a cikin gari, kuma sun fi son kitson da ake ƙara wa gashin roba, wanda ake kira gashin doki. In na gama kitsa shi sai in tsoma bakin jelar a ruwan zafi, ya yi laushi, ya kwanta yadda nake so, in ya huce ya zauna a haka. Da wannan sana'ar nake riƙe da gidan.

Hawan jini ne ya kayar da Inna a bakin murhu wata safiya, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Kawu ya zo asibiti, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya tsaya a ƙarshen gado, turarensa ya cika ɗakin, wayarsa tana ta ruri a aljihu, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya tafi. Bayan an sallame mu kuma bai bar mu da yunwa ba. Shinkafa tana zuwa, magani yana zuwa, duk a bayan mota, duk a hannun direba. Shi ne dai ba ya zuwa. Yau gosulon motoci ne a hanyar Nyanya, gobe ciwon baya, jibi mitin. Mutumin da ya yi ritaya, ban san mitin ɗin me yake yi ba, sai dai ko da dawakin.

Inna kuwa ba shinkafa take so ba. Ƙanenta take so ta gani, ya shigo ɗakin ya zauna, ta kalle shi. Ba ta taɓa roƙon wani abu da ya wuce wannan ba. Kullum da safe nakan dafa ruwa in cika fulas, in tsoma ƙaramin tawul in matse, in gasa mata ƙafar tun daga cinya har yatsu, in shafa man zafi, sannan in ja a hankali, in miƙe in lanƙwashe kamar yadda aka nuna mini a asibiti. Gwiwar ta ƙage, ba ta yarda ta miƙe duka. Muna cikin haka, in mota ta wuce a bakin titi, sai ta ɗaga hannun dama ta ce in dakata, in leƙa ko Auta ne. Nakan leƙa, don kada in ce mata a'a daga zaune.

Wata rana a tsakiyar bazara sai ga kiran Kawu, shi da kansa, ba ta bakin direba ba. Ya ce gobe kada in je ko'ina, akwai muhimmiyar magana. Inna tana ji. Washegari tun da sassafe ta sa na yi mata wanka, na ɗaura mata atamfar da take ajiya, na zizara mata kwalli. Ni ma na ɗauka zuwa zai yi, har na share ƙofar gida na yayyafa ruwa. Wajen hantsi mota ta tsaya a bakin titi, don ruwa ya cinye layinmu, mota ba ta shiga. Na leƙa, sai na hango direba shi kaɗai, yana tafe a hankali da kwali a rungume.

Direban dattijo ne mutumin Filato, mai kirki. Ya ajiye kwalin a shago, ya koma ya ɗauko wani, yana ta kauce wa idona.

"Anti, Oga ya ce ka ajiye shi a inuwa, kada rana ya taɓa shi," in ji shi. Sannan ya leƙa ɗakin, ya ga Inna a zaune da kwalliyarta, ya durƙusa har ƙasa. "Mama, yaya jiki? Oga ya ce in gaishe ka sosai sosai."

Na san shi ya ƙara wannan daga aljihunsa. Inna ma ta sani. Ta ce tana amsawa, ta sa masa albarka, ta ce in ba shi ruwa. Da ya tafi ta ce in kwance mata ɗankwalin, yana matse mata kai.

Na buɗe kwalayen. Dawaki ne, kowanne an naɗe shi a takarda mai laushi, an sa auduga a tsakaninsu. Ko jariri ba a yi wa wannan shimfiɗa a unguwarmu. Ina cikin kallonsu saƙon murya ya shigo wayata, kuma shi ne muhimmiyar maganar. Wai an yi gyaran silin a falo lokacin da ya tafi waje ganin likita, sai ma'aikatan gidan suka kwashe dawakin suka zuba a kwali, suka kai sito ƙarƙashin kwano. Zafin bazara ya dafa su. Ƙafafu sun karkace, waɗansu sun buɗe, waɗansu sun harɗe, ba sa iya tsayuwa. Muryarsa har rawa take yi. Ya ce ya gani a waya wani Bature yana gyara irinsu da ruwan zafi, sai ya tuna ai aikina ke nan.

"Ba zan iya ba wa ma'aikatan gidan nan ba, they will destroy everything," in ji shi. "Ke kuwa jinina ce, I trust you."

Ranar na fara jin cewa ni jininsa ce. Na daɗe ina tsoma gashin doki a ruwan zafi, ga shi yau an kawo mini dokin gaba ɗaya.

Saƙon dogo ne, na tsefe rabin kan mutum bai ƙare ba. Ya bi dawakin ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ciwonsa. Kada ruwan ya zama tafasasshe, fenti zai tashi. Kada in nutsar da jikin, akwai ɗan ƙaramin rami a hanci, ruwa zai shiga ciki. Kada in sa farce. Da ya zo kan wani fari mai ɗigo-ɗigon toka, sai ya sassauta murya kamar mai addu'a.

"Shi wannan, ƙafarsa ta gaba ta dama a ɗage take, haka aka ƙera shi, yana taku ne. Kada ki taɓa ta, please. Ta baya ce kawai ta karkace. Limited edition ne, an daina yin irinsa, ko'ina kika je ba za ki samu ba."

Can a ƙarshe, bayan ya yi gyaran murya, ya ce, "Yauwa, a gaida mai jiki."

Niyyata in rufe kwalayen in kira direba ya zo ya kwashe tarkacensu. Na faɗa wa Inna haka, kuma ban tauna maganar ba. Sai ta ce, "Yi masa. In ba ke ba wa yake da shi?" Mutumin da ke da mata da 'ya'ya da masu gadi da mai ban ruwan fulawa, wai ba shi da kowa sai mai kitson Orozo. Amma Inna ce ta faɗa, sai na yi.

Aikin ba wuya gare shi ba, haƙuri yake so. Nakan zuba ruwan zafi a kofi, in jira tururin ya ragu, in tsoma ƙafar ita kaɗai, in riƙe. In ta yi laushi hannu yana ji, sai ta fara bin yatsa. Sai in miƙe ta a hankali, in ɗan wuce inda nake so kaɗan, don in ta huce tana ƙoƙarin komawa gidan jiya. Daga nan in tsoma ta a ruwan sanyi, wanda nake jefa wa ƙanƙarar leda daga firjin maƙwabciyata. Waɗansu sau ɗaya suke ji, waɗansu sai an maimaita, masu taurin kai kuma in ɗaure su da zaren kitso su kwana a haka. Matsalar ita ce gwaji. Babu wuri ɗaya a gidanmu da yake a daidaice, simintin ɗaki ya gangara, teburin shago yana rawa. Sai na sauko da madubin shagon daga bango na kwantar da shi a ƙasa, a kansa nake tsayar da su in ga ko kofato huɗu sun taɓa. Masu zuwa kitso suka koma duba kansu a waya. Wata ta tambaye ni ko na fara sayar da kayan wasan yara ne, ta ce in ajiye wa ɗanta baƙin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne fulas ɗin ɗaya ne. Da safe in gasa ƙafar Inna, da hantsi in sake cika shi in gasa ta doki. Tawul ɗin ma ɗaya ne. Ta doki tana miƙewa a gaban idona, ta Inna tana nan yadda take. Kuma zan faɗi gaskiya, in dokin da ya zo a kwance ya tsaya cak a kan madubi, nakan ji daɗi a hannuna, sai kuma in ji haushin kaina da na ji daɗin.

Inna tana zaune a tabarma a bakin ƙofar da ke tsakaninmu, tana kallon komai. Wani lokaci ta ce in miƙo mata ɗaya, ta juya shi da hannunta mai lafiya, ta ce lallai Turawa ba su da aikin yi. Amma abin da ta fi so shi ne saƙon muryar nan na Kawu. Kullum sai ta ce in kunna mata. Ta kara wayar a kunne, ta lumshe ido, tana sauraren ƙanenta yana bayanin fenti da kofato kamar tana jin tafsiri. Rabonta da ta ji muryarsa ta yi tsawo haka tun kafin ta kwanta. Ta haddace shi tsaf, har takan riga shi faɗar "a gaida mai jiki", ta amsa da kanta, "Ina amsawa, Auta."

Shi kuwa Kawu ya koyi kiran waya. Kullum sai ya kira ta bidiyo a nuna masa marasa lafiyarsa. In bi da wayar a kan madubi, yana cewa in matso, in juya, in haska. In na gama sai in juya wayar wajen Inna da gangan. Nan take zai ce, "Yaya, sannu, zan shigo, zan shigo insha Allahu," sai sabis ya ɗauke. Sabis ɗin Maitama yana da hankali, bai taɓa ɗaukewa a kan doki ba.

Na gama su duka ana gobe direba zai zo. Farin ma na miƙe masa ƙafar baya, ya tsaya a kan uku yana taƙamarsa, ta gaban a ɗage. Na jera su a kan madubi kusa da Inna su sha iska. Sai ga wata amarya an kawo kitso, shagon ya cika da ƙawaye, muka fita da kujeru ƙarƙashin bishiyar mangwaro saboda zafi. Na bar fulas da kofi a gefen tabarmar Inna, ban kawo komai a raina ba.

Da na dawo bayan la'asar, farin doki yana tsaye a kan ƙafa huɗu. An sauke ta gaban har ƙasa. Da yake ba don tsayuwa aka ƙera ta ba, ta fi sauran tsawo, sai dokin ya karkace gefe ɗaya kamar jakin da aka yi wa lodin yashi. Fentin gwiwar ya tsage, kuma a ƙasan gwiwar ga wani ɗan rami, shatin farcen babban yatsa, ya nutse a cikin robar. Kofin yana gefe, ruwan ya huce. Zanin Inna ya jiƙe a cinya, inda ta danne dokin da hannu ɗaya.

Na ɗaga shi na juya. Na ce, "Inna, me kika yi?"

"Na sauke masa ƙafa," in ji ta. "Ya gaji da tsayuwa a kan uku."

Na ce ai ta ji da kunnenta, ita ce ƙafar da aka ce kada a taɓa. Ta ce ta ji. Na ɗauki fulas zan dafa wani ruwan in gwada mayar da ita, ta ce in ajiye. Muryar da take yi mini magana da ita ina yarinya ce ta dawo, wadda ba a musu da ita.

"Ki sa shi a kwali yadda yake. Ki ɗora shi a sama, ya zama shi za a fara gani."

Haka na yi. Direba ya zo da safe ya kwashe su, ni kuwa na kashe wayata.

Washegari da na gama gasa mata ƙafa, ta ce in yi mata wanka in ɗauko atamfar nan. Ta ce kuma in kwaɓa ɗanwake, in soya man gyaɗa da albasa, kada in cika yaji, Auta ba ya son yaji. Na ji tausayinta ya kama ni, haushi kuma ya biyo baya. Na ce ba zan sake yi mata kwalliya don mutumin da ba zai zo ba, wancan karon ma ya ishe ni. Ta yi dariya da rabin bakinta mai motsi.

"Ke ba ki san shi ba. Yana yaro, in ya tafi wasa, sai in yi ta kira har muryata ta dushe, ba zai zo ba. Ko abinci ne ba zai zo ba. Amma in na ɗauki dokin karansa na karya, ko yana bayan gari sai wani ya kai masa labari. Yanzu za ki gan shi da gudu, yana kuka yana majina. Sai in kama shi in yi masa wanka, in ba shi abinci, in ya ƙoshi in yi masa wani. Ɗauko mini kwallin."

Ana kiran azahar ya iso. Gosulon Nyanya bai hana shi ba, bayansa ma ya warke. Na hango shi daga ƙofar shago yana tsallake kwata da takalminsa mai sheƙi, shaddarsa tana ɗaukar ido, direba yana biye da shi a nesa. Ya rungumo dokin a ƙirji cikin farin tawul. Yaran layi suka tsaya kallo, ba su taɓa ganin mai irin wannan shiga yana sauri ba.

Ko sallama bai yi ba. Ya buɗe tawul ɗin a gabana.

"What is this? Me na gaya miki? Ban ce kada ki taɓa ta ba? Na ɗauke ki mai hankali, na ba ki amana."

Sai murya ta fito daga ɗaki.

"Auta. Ni ce na yi. Shigo."

Ya tsaya da baki buɗe. Ya kalli labulen, ya kalle ni, kamar yana jira in ce masa ba sai ya shiga ba. Na ɗaga masa labulen da kaina.

Ɗakin ƙarami ne, warin man zafi ya kama bangonsa, ga bokiti a kusurwa, ga sandar da ba ta taɓa iya amfani da ita ba. Inna tana zaune a bakin katifa, na tokare ta da filo, idonta ya sha kwalli. Rabonsa da ita tun asibiti, kuma tun daga lokacin ta zube, ta koma rabinta. Na ga ya gani. Babu kujera a ɗakin, sai na kawo masa 'yar kujerar da nake zama in yi kitso. Darakta ya zauna a kai, gwiwoyinsa sun kusa kai haɓarsa, doki a cinya.

"Yaya, kin san an daina yin irinsa?" in ji shi. Muryar ta yi ƙasa.

"Na sani. Na ji ka faɗa. Matso."

Ya matso. Ta miƙa hannun dama ta cire masa hula, ta shafa kansa, ta ce ashe haka ya yi furfura, ashe har sanƙo ya fara. Ta taɓa kumatunsa ta ce ya rame, ko ba a ba shi abinci a gidan ne. Mutumin da tumbinsa ya hana shi zama daidai a kujera. Ta ce in kawo ɗanwaken. Ya ce ya ƙoshi, likita ya hana shi mai. Ta ce ya ci. Ya ajiye dokin a gefen katifa, ya wanke hannu, ya ci, har ya side kwanon da yatsa. Ta yi ta ba shi labarin mutanen garinsu, wa ya mutu, wa ya aurar da jika, yana cewa Allah sarki. Ya yi azahar a tabarmar shagona, ya koma ya zauna, bai tashi ba sai da aka kira la'asar.

Ban taɓa ganin fuskar Inna haka ba tun da ta kwanta. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsu, ina murna saboda ita, ina kuma jin kamar in shaƙe shi. Abin da take nema ke nan duk watannin nan, zaman yini guda bai cika ba a kan kujerar kitso, kuma sai da ta lalata masa roba ta samu.

Da zai tafi na raka shi ƙofa. Idonsa ya yi ja, na ce a raina to, ko dai an samu mutum. Sai ya waiga ya ga labule ya rufu, ya rage murya.

"Na bar shi a ciki. Ki gwada ɗaga ta a hankali, ko za ta koma. Take your time."

Da na koma ɗaki, Inna ta riga ta tura dokin bayan filonta. Ta ce, "In ya tambaya, ki ce ana kan aiki."

Aka yi ta kan aiki har damina ta shigo ta fita. Dokin yana bayan filo, ko ruwan ɗumi bai gani ba. Kawu yana kira duk mako ya ji inda aka kwana. In ce masa robar tana da gardama, sai a hankali, ga Inna. In miƙa mata wayar kafin ya samu bakin cewa sabis. Ya gane sai ya biya ta wurinta kafin a ba shi labarin dokinsa, sai ya riƙa biyawa. Su yi hira, ta tambaye shi abin da ya ci, ta yi masa faɗan shan sanyi. Ya ma sake zuwa da ƙafarsa a tsakiyar damina, wai ya ga abin da ya tsayar da aikin. Ya ci ɗanwake, ya tafi hannu wofi, don Inna ta ce dokin yana shan magani, ba a fito da shi.

Inna ta rasu da kaka, wata safiya, ruwan gasa mata ƙafa yana kan wuta. Ba ta sha wahala ba, Allah ya ji ƙanta.

Kawu ne ya karɓi gaisuwa. An kafa rumfa a bakin layi, manyan motoci suka cika titin Orozo, abokansa suka zo da manyan riguna. Ya zauna a tsakiya yana share hawaye, yana gaya wa kowa cewa ba yaya ya rasa ba, uwa ya rasa, a bayanta ya girma. Duk gaskiya ne. Ina jiyo shi daga cikin gida, ina tsakanin mata, ina danne abin da ke taso mini.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa fatiha mutane sun fara watsewa, ya aiko direba ya kira ni. Dattijon ya isar da saƙon yana sunkuyar da kai. Na san abin da ake nema, saboda haka na shiga ɗakin Inna, na ɗaga filon, na ɗauko dokin. Na naɗe shi a ƙaramin tawul ɗin da nake gasa mata ƙafa, har lokacin yana warin man zafi, na kai masa bayan shago inda yake tsaye.

Ya warware tawul ɗin. Dokin yana nan yadda ta bar shi, ƙafa huɗu a ƙasa, a karkace. Ya juya shi, ya kai babban yatsansa kan ɗan ramin nan na ƙasan gwiwa, ya tsaya a wurin yana shafawa. Na ce masa farcen Inna ne, nan ta danna. Wallahi a lokacin na shirya in yafe masa komai, da gosulon, da mitin, da sabis ɗin da ke ɗaukewa. Kalma ɗaya nake jira.

Ya ɗaga dokin wajen haske, ya ƙanƙance ido.

"Kina ganin in an cike wurin aka shafa fenti, zai ɓace?"

Na ce masa ban sani ba, ni mai kitso ce. Na karɓe tawul ɗin daga hannunsa, na bar masa dokinsa, na koma ciki wajen masu gaisuwa.